Ku Tambayi Malama: Na ci Turanci a WAEC, me ya sa malamin rubutu yake cika mani takarda da jan biro?

Assalamu alaikum Malama, ya aiki ya iyali, Allah ya ƙara basira. Dan Allah shawara nake nema kuma a sakaya sunana. Ni ɗaliba ce 'yar aji ɗaya a wata jami'a, tattalin arziki nake karantawa, gidanmu na Anguwar Rogo a nan Jos. Wallahi tun ina sakandare ni ake kira in rubuta jawabi in za a yi taro a makaranta, WAEC ma B2 na ci a Turanci, amma tunda muka fara kwas ɗin nan na GST da ake koya mana rubutu komai ya dagule mani. Aikin farko malamin ya ce mu rubuta shafi biyu a kan tsadar kayan miya, na zauna na zuba Turanci iya Turanci har ƙawayena na cewa ke kam kin gama, da takarda ta dawo sai na ga 4 cikin 10, ya ja layi a ƙarƙashin sakin layi na farko gaba ɗaya ya rubuta a gefe wai me kike so ki ce, can ƙasa kuma ya rubuta wa ya faɗa. Yanzu in na ɗauki biro gabana faɗuwa yake, in rubuta in soke in rubuta in soke. Malama kwas ɗin nan yana da wani amfani kuwa ko ɓata lokaci ne kawai, tunda ni ba 'yar jarida zan zama ba?
Daga 'yarki a Anguwar Rogo

Wa alaikumus salam 'yata, lafiya lau alhamdulillahi. Ki kwantar da hankalinki tukuna. Irin wasiƙar nan taki duk farkon zangon karatu sai ta zo mani, kuma kusan kullum daga yara masu ƙoƙari take fitowa, don su ne suka saba a yaba masu su ne kuma abin yake yi wa ciwo. B2 ɗinki ba ƙarya ba ce, kin yi aiki kin samu. Abin da ya faru shi ne da wani ma'auni aka auna ki a sakandare, yanzu kuma an canza ma'aunin ba wanda ya zaunar da ke ya gaya maki.

Bari in warware maki. Insha'in WAEC kalmomi 450 ake nema, maki 50 ne, 10 na abin da kika faɗa, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 kuma na nahawu da ƙa'idar rubutu. Kin ga kenan 30 cikin 50 duk a kan yadda kika faɗi magana suke, shi ya sa malaman lesin suke sa yara su haddace buɗe-baki mai ƙyalli da manyan kalmomi su zuba ko ina, kuma yana ci masu. JAMB kuwa tambayoyi 60 ne na Turanci, duk zaɓen A, B, C, D a kwamfuta, ko jimla ɗaya ba ki rubutawa da kanki. To yaro sai ya shigo jami'a da sakamako mai kyau alhali bai taɓa zama ya ɗauki wani ra'ayi nasa na kansa ya kare shi a rubuce ba, ba laifinsa ba ne, ba a taɓa neman haka daga gare shi ba. Wannan giɓin ne ya sa hukumar jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta sa kwas ɗin Turanci na GST ya zama dole a kan kowa, ɗan likitanci ne ko ɗan lissafi ko ke 'yar tattalin arziki.

Ban ga takardarki ba amma na karanta irinta da yawa, kuma kusan na san yadda kika fara. Wani abu kamar haka, kayan miya abu ne mai matuƙar muhimmanci a rayuwar ɗan Adam tun zamanin kaka da kakanni, kuma tsadarsu ta zama babban ƙalubale ga al'umma. Da Turanci zai fito da daɗi sosai. To amma 'yata ki tsaya ki duba, akwai wanda zai yi maki musu a kan wannan? Babu. Mamanki ta sani, mai kayan miyan bakin layinku ya sani, malamin ma ya sani. Duk jimlar da ba wanda zai iya cewa a'a ba haka ba ne, to ba ta ɗauko komai ba tukuna, abin da jan biron ke nufi kenan da ya ce me kike so ki ce.

Yanzu a ce kin sauka kasuwar kayan miya ta Farin Gada da safe lokacin da ake sauke kaya, kin tambayi 'yan kasuwa biyu ko uku nawa kwandon tumatir yau, nawa yake wata uku da suka wuce, daga ina wannan kayan ya zo, nawa kuɗin mota. Za ki fara jin abubuwa. Za su ce maki tumatir ya fi araha da rani lokacin da noman rani na su Kadawa da Kura a Kano da na Kaduna da Katsina yake fitowa, in ruwa ya fara sauka kuma kayan can ya ƙare sai farashi ya tashi don tumatir ba ya son ruwa mai yawa. Wani zai ce maki kuɗin mota ne, tunda aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 komai ya hau. Wani zai ce 'yan Legas ne suke kwashewa zuwa kasuwarsu ta Mile 12 su bar mana saura. Wani dattijo zai tuna maki shekarar 2016 da tsutsar tumatir ta cinye gonaki har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin. Wani kuma zai nuna maki ƙasan kwando yadda tumatir ya dame tun kafin ya iso, ya ce asarar nan ai a kan mai saye take komawa. Kin ga yanzu kina da dalilai biyar a hannu kuma ba duka ne nauyinsu ɗaya ba, dole ki zauna ki yi tunani ki zaɓa, ki ce ni a ganina abin da ya fi tayar da farashin tumatir a Jos tsakanin watan Mayu da Yuli shi ne ƙarewar noman rani, kuɗin mota ƙari ne a kai. Wannan jimlar ana iya yi maki musu a kanta, wani ɗan ajinku zai iya cewa a'a fetur ne, sai ki kawo naki ya kawo nasa. Daga nan rubutun jami'a yake farawa, kuma da kin kai nan za ki ga manyan kalmomin nan sun zube da kansu don babu wurin da za ki sa su.

Ki lura da abin da ya faru a tsakani, don shi ne amsar tambayarki. Kafin ki iya rubuta waccan jimlar sai da kika fita kika tambaya, kika saurari maganganu masu karo da juna, kika auna su, kika tsaya a kan ɗaya kina sane da cewa ɗayan ma yana da ƙamshin gaskiya. Wannan duk tunani ne, kuma rubutun ne ya tilasta maki shi. A baki mutum yana iya kewaye-kewaye, ya ce ai kin gane ai, a gyaɗa masa kai a wuce, fuska da murya su cike masa inda maganar ta yi rami. Takarda ba ta gyaɗa kai. In ba ki san abin da kike nufi ba zai fito fili a layi na uku, ke da kanki za ki gani. Shi ya sa da yawa daga cikinmu sai mun fara rubutawa muke gane ashe abin da muke zaton mun sani jin sa kawai muka yi a bakin mutane.

Sai maganar wa ya faɗa. Ɗalibai suna ɗaukar wannan a matsayin wahalar da malamai suka ƙirƙiro, a sa sunan marubuci a sa shekara a bi tsarin APA, waƙafi nan aya can. Tsarin kam za ki koya, sati ɗaya ya isa. Abin da ke ƙarƙashinsa shi ne ki iya rabewa a cikin kanki tsakanin abin da kika gani da idonki, da abin da kika karanta a wurin wani, da abin da yake zatonki ne kawai. In kika rubuta yawancin 'yan Najeriya ba sa iya sayen tumatir, to wa ya ƙirga su? In Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ce ta fitar da alƙaluman farashin abinci sai ki ce ita ce, wane wata, wace shekara. In 'yan kasuwa uku kika tambaya ki ce 'yan kasuwa uku na tambaya, ba abin kunya ba ne, ya fi mutunci nesa ba kusa ba a kan ki ce bincike ya nuna alhali ba ki ga wani bincike ba.

Tsoron nan da kike ji, ki rubuta ki soke, ni ban ɗauke shi mugun abu ba ko da yake na san ba daɗi. Da can idonki ba ya ganin ramukan shi ya sa hannunki yake gudu, yanzu ido ya buɗe hannu bai kamo shi ba tukuna, kuma kusan kowa sai rubutunsa ya ɗan ja baya na wani lokaci kafin ya miƙe. Maganinsa ki raba aikin gida biyu. Zaman farko ki rubuta duk abin da ya zo maki kar ki soke komai, ko da Hausa ce ta zo ki sa ta haka, ba wanda zai gani. Ki ajiye ya kwana. Washegari ki dawo ki tankaɗe shi kamar yadda ake tankaɗe gari, tsakin ya tsaya a rariya ki zubar ba tare da jin zafi ba, ko da kuwa jimlar da kika fi so ce. Sau da yawa ainihin abin da kike son faɗa yana can a sakin layi na ƙarshe, don sai da kika yi ta rubutu kika iso gare shi, to ki ɗauko shi ki dawo da shi sama.

Akwai wani abu kuma da nake gaya wa yaranmu masu Hausa a baki. Kafin ki fara, ki je kicin ki samu Mama ki gaya mata da Hausa, cikin jimla biyu, abin da rubutunki yake cewa. In kika kasa to matsalar ba ta kai ga Turanci ba ma, ra'ayin ne bai nuna ba. In kuwa kika faɗa ta ce a'a ai ba haka ba ne, ni da nake cefane kullum na san kaza, to kin samu abokiyar musu kyauta kuma wadda ta san kasuwa fiye da ke, ki rubuta abin da ta ce ki amsa shi a cikin aikin. In kin gama kuma ki karanta da ƙarfi kunnenki na ji, duk inda numfashinki ya yanke ko harshenki ya harɗe akwai gyara a wurin.

Game da malamin, gaskiya ni na yaba masa. Ajin GST a jami'o'in gwamnati ɗaruruwan ɗalibai ne a zaure ɗaya, wasu a tsaye wasu a bakin taga, a wurare da dama ma ba a ba da aikin rubutu sam sai jarabawar zaɓe a kwamfuta don ba mai iya duba takardun, kuma wannan abu yana damuna ƙwarai don an bar sunan kwas ɗin an cire ransa. Wanda ya zauna ya karanta shafinki biyu har ya rubuta maki tambaya a gefe ya ba ki lokacinsa. Ki sake rubuta aikin ko da ba zai canza makin ba, ki ɗauki tsohon da sabon, ki tafi ofis ɗinsa a lokacin aiki ke da ƙawarki, ki ce Malam na gyara ko za ka duba mani. Kar ki je da maganar maki, ki je da maganar gyara. Kuma 4 cikin 10 a aikin farko ba ta kayar da kowa ba, jarabawar ƙarshe ce ke ɗauke da kaso mafi tsoka.

Batun ba 'yar jarida za ki zama ba, ai ko a aji huɗu furojet na jiranki, babi biyar, kuma sufabaiza, wato malamin da zai riƙa duba maki aikin, waɗannan tambayoyin biyu na me kike so ki ce da wa ya faɗa zai yi ta maimaita maki. Bayan nan ko banki kika shiga ko ma'aikata ko kasuwancinki kika buɗe kina neman jari, wata rana sai an ce rubuto mana a shafi ɗaya me ya sa za mu sa kuɗi a nan, wanda zai karanta kuma ba shi da lokacin kaka da kakanni.

*

Malama barka da aiki. Ni mahaifi ne, ina sana'ar kayan gini a Bukuru. Yarona na fari ya gama aji ɗaya ya dawo hutu, to na lura ya canza, duk maganar da aka yi a gida sai ya ce ina hujja, ko saƙo aka turo a guruf ɗin dangi na WhatsApp sai ya ce wa ya tabbatar, har ƙanina ya yi fushi ya ce boko ya fara ɓata shi. Da na tambaye shi ya ce wai a ajin rubutu aka koya masu. Abin nan na damuwa ne?
Daga wani mahaifi a Bukuru

Ranka ya daɗe Alhaji, Allah ya raya mana su. Abu biyu ne suka haɗu a nan, ɗaya na farin ciki ɗaya na gyara.

Tambayar wa ya faɗa ba boko ne ya kawo mana ita ba. Malaman hadisi tun ƙarnonin farko ba sa karɓar magana sai sun bi isnadinta, wane ya ji daga wane, shin sun ma haɗu kuwa, mutumin nan mai gaskiya ne, haddarsa tana da ƙarfi, a kan haka aka ware sahihi da mai rauni da na ƙarya. Aya ta 6 a Suratul Hujurati ma umarni ne a yi bincike in an zo da labari don kar a cutar da mutane cikin rashin sani a dawo ana nadama. Kuma Alhaji mu mutanen Jos ba sai an yi mana dogon bayani ba, mun ga rikicin 2001 mun ga na 2008 mun ga na 2010, mun san yadda magana ɗaya ta an ce an ce take sa a rufe shaguna a Terminus cikin minti kaɗan, iyaye su yi ta gudu makarantu ɗauko yara, wani lokacin ma abin ya wuce haka. Yaron da saƙo zai shigo wayarsa ya tsaya ya ce wa ya gani da idonsa kafin ya tura gaba, wallahi garin nan yana buƙatar irinsa da yawa, kar a kashe masa wannan.

Inda gyaran yake shi ne ladabi da sanin wuri. Yaro in ya samu sabon abu yakan yi ta gwada shi a kan kowa, kuma aji ɗaya rabin darasin kawai ya ɗauko, ya koyi tambayar hujjar wasu bai kai ga tambayar tasa ba. Ka zaunar da shi kai da shi, ba a gaban ƙannensa ba, ka nuna masa akwai bambanci tsakanin ya ce wa baffansa ina hujjarka a cikin guruf kowa na gani, da ya same shi gefe ya ce Baffa saƙon nan na duba ban ga inda ya fito ba, ko kai ka san tushensa. Sannan ka riƙa juya masa tambayar cikin raha, in ya kawo wani ra'ayi ka ce to kai kuma wa ya faɗa maka, ka bar shi ya kawo. In ajin ya yi aikinsa da kyau zuwa gaba za ka ji ya fara cewa ina ganin kaza amma ban tabbatar ba. Shi kuma baffan a ba shi haƙuri, yaron ya je da kansa ya gaishe shi.

*

Malama ni ɗan aji biyu ne daga Rikkos. Gaskiya kusan kowa a ajinmu ChatGPT yake sa wa ya rubuta masa aiki, suna cin maki, ni kuma in kwana ina fama in samu C. Ba cutar kaina nake ba kuwa?
Daga ɗanki a Rikkos

Ɗana na ji zafin abin kuma ba zan ce maka ba a cin maki da shi ba, ana ci. Tun da manhajar ta fito a watan Nuwamban 2022 malamai ke fama da wannan. Amma ranar jarabawa daga kai sai biro, ranar kare furojet kuma mutane ne za su zauna a gabanka su ce buɗe shafi kaza, me kake nufi a nan, wanda bai rubuta da kansa ba a nan yake tsayawa cak. Ka kuma sani manhajar takan ƙirƙiro sunan littafi da marubuci da shekara waɗanda babu su sam, ta jera maka su tsaf, in malami ya bi ɗaya bai samu ba maganar ta tashi daga maki ta koma gaban kwamitin ladabtarwa.

In malaminku ya yarda a yi amfani da ita, to ka fara rubuta naka tukuna daga farko har ƙarshe, sannan ka ba ta ka ce ta nuna maka inda hujjarka ta yi rauni ko inda ba a gane nufinka ba, gyaran kuma ka yi shi da hannunka. Duk wani littafi ko adadi da ta ambata kar ka sa shi sai ka gan shi da idonka a laburare ko a shafin waɗanda suka wallafa shi. In kuwa ya hana to ka bar ta gaba ɗaya a wannan kwas ɗin. Ka kuma nemi mutum biyu a ajinku masu irin halinka ku riƙa musayar takarda kwana biyu kafin ranar miƙawa, kowa ya karanta na ɗan'uwansa ya ja layi a duk inda bai gane ba, sannan ku zauna ku yi magana a kai.